Bijimin da Ba a Sa wa Igiya Ba

Gidanmu gidan mahauta ne a Limawa, cikin Dutse. Ni na bar sana'ar tun ina yaro, na bi boko, daga baya na kama aikin rediyo. Ƙanena, wanda yake bi mini, shi ya tsaya tare da Baba a kwata. Ya iya fiɗa tun tsawonsa bai kai teburin nama ba, ya kuma gaji Baba a abin da Baba ya fi ji da shi a duniya, wato hawan ƙaho.

A jajibirin Sallah ake yi, kafin a kai manyan shanu yanka. Sai a fito da bijimin da ya fi faɗa zuwa fili, da igiya biyu a jikinsa, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya. Masu kalangu suna kiɗa, mai hawa ya fito ya tsaya a gabansa. Ƙartin da ke riƙe da igiyar baya su sassauta, bijimin ya zaburo, sai ya kusa isa ga mutum su fizge ƙafar. A nan yakan yi ɗan turus, kansa a sunkuye. Turus ɗin bai fi ƙiftawar ido ba, amma a cikinsa ne mai hawa yake faɗawa tsakanin ƙahoni, ƙirjinsa a kan goshin dabbar, hannuwansa sun rungume wuyanta. Daga nan bijimi ya yi ta girgiza kai har ya gaji, mutum yana maƙale. Masu kallo mai hawa kawai suke gani. Mahauta sun san rabin aikin yana hannun masu igiya.

Baba ya daɗe yana hawa. Akwai tabo a kwiɓinsa da muka taso muna gani in ya tuɓe riga zai yi aiki. Da ƙarfinsa ya ja baya sai ƙanena ya karɓa, kuma ya yi suna, har Kiyawa akan gayyace shi. Baba ba mutum ne mai yabo ba, amma a shekarun nan kwano ɗaya suke ci shi da ƙanena, ni kuwa in na zo hutu nawa daban ake zuba mini.

Wata Sallah aka kawo jan bijimi daga wajen Garki, mai dogayen ƙahoni. Baba yana zaune a benci kusa da Sarkin Fawa, fili ya cika har kan katanga. Masu kalangu suka kira gidanmu, ƙanena ya fito da warkinsa ya tsaya. Aka saki bijimin. Yana tahowa sai ƙanena ya juya ya zura da gudu, ya haye bayan wata akori-kura da aka ajiye a bakin fili. Da farko wurin ya yi tsit. Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka, babban makaɗin kuma ya juya kiɗan ya koma na zambo.

Ƙanena ya ce ya ga igiyar baya ta suɓuce daga hannun na gaba a cikin masu riƙe ta, shi ya sa ya gudu. Masu igiyar suka rantse tana hannunsu. Ni ina wurin, amma ba igiya nake kallo ba, saboda haka ba ni da shaidar da zan bayar ga kowane ɓangare.

Baba bai dake shi ba, bai zage shi ba. Da aka kawo tuwon dare sai ya ce a raba kwano. A kwata ya daina miƙa masa wuƙa, in yana son ya sa shi aiki sai ya gaya wa wani ya gaya wa "wancan". A gari kuwa abin ya zama na raha. In ya tsayar da a-daidaita-sahu, direban yakan ce masa ai shi ba ya bukatar abin hawa, da ƙafa ma zai riga su isa. In ya shigo kasuwa abokan sana'a su ce a buɗe hanya ga mai tsere nan. Yana yin dariya tare da su, don babu yadda zai yi. Da Sallah ta zagayo ya nemi a sake ba shi fili, Baba ya aika wa Sarkin Fawa cewa gidanmu ba shi da mai hawa bana.

Bayan damina ƙanena ya bar gari. Mun ji yana Agadas, mun ji yana Libiya, daga nan muka daɗe ba mu ji komai ba, har Inna ta soma sa a yi masa addu'a irin wadda ake yi wa wanda ba a san ko yana raye ba. Sai wata rana muryarsa ta iso ta waya daga Sifaniya. Ya sha wahala kafin ya sami takardun zama, sannan ya sami aiki a mayankar wani Balarabe ɗan Maroko, a wani ƙaramin gari. Da kuɗin da ƙanena yake aikowa aka sauya wa gidanmu rufi. Baba ya kwana a ƙarƙashin rufin nan shekara da shekaru bai taɓa ambaton wanda ya yi shi ba. In an kai masa waya yakan amsa gaisuwa, ya ce Allah ya taimaka, ya mayar wa Inna.

Ana nan sai wurin aikina suka tura ni wani gajeren kwas a Turai. Da aka gama ina da 'yan kwanaki a hannu, na hau jirgin ƙasa, na sauya zuwa bas, na je wurinsa. Ya tare ni a tasha. Ya rame, furfura ta soma fito masa a gefen kai, amma tafiyarsa tana nan irin ta mahauta, ƙafafu a buɗe. Garin ƙarami ne, gidajen dutse, titunan ƙunci, zafin rana kamar namu. A bayan garin akwai duwatsu da ya ce in ya ƙanƙance ido yakan ga kamar na gida ne, sai dai babu dabino.

Na kawo masa kuka da daddawa da dabinon da Inna ta ƙulle masa a leda. Ya yi mana tuwon samo, ya kaɗa miyar da kansa, yana cewa maƙwabtansa za su kira 'yan sanda saboda warin daddawa. Muna ci ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da direban da ya fi kowa tsokanarsa. Sai da muka wanke hannu ya tambayi abin da yake son tambaya tun a tasha.

Ya ce, "Yaya, Baba ya aiko da wani saƙo?"

Na ce, "Ya ce Allah ya kiyaye hanya."

"Ni ko kai?"

Na ce, "Ni."

Ya gyaɗa kai, ya kwashe kwanuka.

A makon ne ake bikin shekara na garin. Tun daga tasha na ga an kafa shingayen katako a bakin lunguna, an rataya tutoci. Ƙanena ya yi mini bayani. Kowace safiya a kwanakin bikin ana sakin bijimai daga wani garke a ƙarshen gari, su biyo babban titi a guje zuwa filin wasa, mutane kuma su shiga titin su yi gudu a gabansu. Babu igiya a jikin ko ɗaya. Gwani shi ne wanda ya ruga dab da ƙaho na ɗan lokaci, sannan ya kauce gefe. Ya ce kowace shekara yana kallo daga bayan shinge, bai taɓa shiga ba, amma bana zai shiga tunda Allah ya kawo ni.

Na tambaye shi me zuwana ya ƙara. Ya ce in ya aika hoto Baba ba zai kalla ba, in ya kalla ma zai ce haɗa shi aka yi. Amma ni duk gidan an san ba na ƙara wa labari gishiri, in na ce na gani Baba zai yarda. Abin da yake so kawai Baba ya ji cewa ya sake shiga gaban bijimi.

Na ce masa ai a nan gudu ake yi, me Baba zai yi da labarin gudu.

Ya yi dariya ya ce, "To ai ni gwani ne, Yaya. Duk Dutse ta shaide ni."

Na yi ƙoƙarin hana shi. Na ce masa shekarunsa sun wuce na wannan, na ce Baba ya tsufa, mutanen da suka yi dariyar rabinsu sun manta, makaɗin ma ya rasu. Ya ce shi ba da mutanen gari yake ba. Daga ƙarshe ya yi mini alkawari cewa gudu kawai zai yi kamar kowa, ba zai taɓa dabbar kowa ba, ai doka ma ta hana. Ni kuma na ce to zan shiga tare da shi. Lissafina shi ne in ina gefensa dole hankalinsa ya rabu, ya kula da ni, ba zai sami sukunin yin wani abu ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce mutumin da kaza ta taɓa kora daga tsakar gida ne zai shiga gaban bijimi. Amma ya ji daɗi, na gani a fuskarsa.

Da yamma ya kai ni garken muka leƙa ta tsakanin katako. Baƙaƙe ne wuluk, gajeru, ba su da tozo, duk nauyinsu a wuya da ƙirji yake. Ƙahoninsu ba irin na shanunmu ba ne da suke buɗewa su tashi sama su bar wa mutum wuri a tsakani. Waɗannan gajeru ne, sun miƙe gaba, tsininsu yana kallon wanda ke gabansu. Ƙanena ya daɗe yana dubansu. Ya ce da kansa, babu inda ƙirjin mutum zai shiga a nan. Na riƙe wannan maganar, ita ta kwantar mini da hankali.

Washegari da hantsi muka shiga titin ta wata ƙofa a jikin shinge. Mutane sun cika shi, yawancinsu da fararen kaya da jan ƙyalle a wuya, samari da magidanta, har da 'yan mata kaɗan. Wasu suna tsalle a wuri ɗaya, wasu suna addu'a irin tasu. A saman benaye mata da yara sun jeru. An wanke titin da asuba, duwatsun da aka shimfiɗa a ƙasa suna da santsi. Ƙanena ya kai ni wani wuri kusa da kwana, inda shingen yake da tazarar da mutum zai iya kutsawa. Ya ce in bi jikin bango, kada in waiwaya, in na faɗi kuma kada in tashi, in rufe kaina da hannu har a zo a taɓa ni. Abokan aikinsa biyu suka gan shi, suka yi masa magana da yarensu suna dariya, ya amsa musu. Ban taɓa jin ya yi yaren da yawa haka ba sai ranar.

Aka harba wani abu sama ya yi ƙara kamar bindiga. Duk titin ya motsa lokaci ɗaya. Da farko tafiya ce da sauri, ana waige. Sai na ji ƙararrawa, wadda ake rataya wa dandaƙaƙƙun shanun da ke yi wa bijiman jagora, sai ƙarar kofato a kan dutse, sai kowa ya zura. Na yi gudun da ban yi irinsa ba tun ina makarantar firamare. Wani ya bangaje ni, na dafe bango, na ci gaba. Garken ya wuce ta hannun damana, kusa ƙwarai, har na ji zafin jikinsu da warin da na sani tun daga kwata. Ƙanena yana gabana kaɗan, yana gudu kamar yadda ya yi alkawari, ya ɗan jera da ɗaya daga cikinsu sannan ya kauce. Na ce a raina an gama.

Amma a kwanar nan ɗaya daga cikin bijiman ya zame ya faɗi. Kafin ya miƙe sauran sun yi nisa. Mutanen garin sun san abin da wannan yake nufi, bijimin da ya rabu da garke ba ya bin hanya, juyowa yake ya nemi mutum. Nan take titin ya dare, kowa ya nemi shinge. Hannaye suka jawo ni ta tsakanin katako, na faɗa ciki na juyo.

Ƙanena yana tsakiyar titi shi kaɗai. Babu wanda ya faɗi a gabansa da za a ce ceto ya je yi. Na faɗi wannan ne don daga baya wasu a gida sun riƙa ƙara wa labarin wani yaro da wai ya tare wa, kuma babu yaro. Shinge yana kusa da shi, da ya so da ya kai. Makiyayan da ke bin garken da dogayen sanduna suna ta yi masa ihu. Ni ma na kira shi. Ya tsaya yadda ake tsayawa a filinmu, ƙafar hagu a gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe ƙasa-ƙasa. Ya buga ƙafa sau ɗaya.

Bijimin ya taho, ya sunkuyar da kai. Na ga ƙanena ya ɗan dakata, dakatawar da duk mai hawa yake yi yana jiran a fizge ƙafar baya, sannan ya tashi zai faɗa. Bijimin bai yi turus ba. Ƙahon dama ya shige shi a ƙasan haƙarƙari, ya ɗaga shi sama, ya yar da shi a jikin shinge. Makiyayan suka ja hankalin dabbar da sanduna, aka kawo shanu masu ƙararrawa suka tafi da ita.

Ma'aikatan agaji sun riga ni isa wurinsa. Sun yi aikinsu da sauri, ba ni da abin da zan ce a kansu. Aka sa shi a motar asibiti, aka bar ni na shiga. Muna fita gari ina jin makaɗan bikin sun soma busa a dandali, don ba a dakatar da komai ba.

An yi masa tiyata a babban asibitin wani birni da ke kusa. Ya farfaɗo washegari da rana. Maigidansa ɗan Maroko yana tsaye a bakin ƙofa, shi yake fassara mini abin da likitoci suke faɗa, kuma tun kafin ya fassara nakan gane daga fuskarsa. Ƙanena ya buɗe ido ya neme ni. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na sunkuya.

Ya ce, "Yaya, ka gani?"

Na ce na gani.

Ya ce, "Na san babu igiya. Wallahi na sani. Ƙafata ce ta jira."

Na ce ya yi shiru ya huta. Ya ce in gaya wa Baba cewa ya tsaya, bai gudu ba. Sannan ya tambaya ko na kashe wutar girki kafin mu fito, na ce na kashe. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba sai kalmar shahada da nake maimaita masa yana bi. Ciwon ya ruɓa daga ciki, zazzaɓi ya hau, ya cika bayan 'yan kwanaki.

Na kira kawunmu a waya, shi ya je gida ya faɗa. Musulmin garin, yawancinsu 'yan Maroko da 'yan Senegal, su suka tsaya a kan komai. Ni da maigidansa muka yi masa wanka. Aka yi masa salla a wani masallaci da asalinsa shago ne, aka kai shi wata maƙabarta mai nisa inda aka ware wa Musulmi gefe guda. Na koma ɗakinsa na haɗa kayansa, ba su cika jaka biyu ba. Dabinon Inna ya ci kusan rabi.

Kafin in iso Dutse zaman makoki ya watse. Na shiga wurin Inna tukuna. Ba ta tambaye ni yadda abin ya faru ba. Ta tambaya ko an yi masa wanka yadda ya kamata, ko an fuskantar da shi alƙibla, ko mutane sun taru. Na amsa mata duka, ta ce alhamdu lillahi, ta juya fuskarta bango.

Da aka ji na dawo sai mahauta suka sake taruwa a ƙofar gida bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi, Sarkin Fawa ya zo, har da biyu daga cikin mutanen da suka riƙe igiya a waccan Sallar, yanzu sun manyanta. Aka yi addu'a. Sannan Baba ya juyo ya yi mini tambayoyi a gabansu, irin tambayoyin da zai yi wa dillali a kasuwar shanu. Wane launi ne bijimin, yaya girmansa, yaya ƙahonsa yake. Na kwatanta da hannu. Ya tambaya a ina ƙahon ya sami ƙanena. Na nuna a jikina.

Baba ya dubi mutanen ya ce, "Ta gaba ke nan, ba ta baya ba."

Sarkin Fawa ya ce ai ɗan gida ne, jini ba ya ɓuya. Sauran suka amsa, kowa yana kawo wata Sallah da ya ga ƙanena ya hau, wani ya tuna ta Kiyawa. Babu wanda ya ambaci jan bijimin. Baba yana zaune yana saurare, bai hana su ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffin masu igiyar ne ya tambaya su wa suka riƙe masa a can, Turawa ne ko 'yan'uwanmu baƙaƙe, don riƙon igiya ba na kowa ba ne. Na ce a can ba a sa igiya. Ya ce yana nufin ta ƙafar baya. Na ce babu ta baya, babu ta wuya, haka ake sakinsu a titi. Suka dubi juna. Wani ya tambaya to yaya ake hawa. Na ce ba a hawa, gudu ake yi a gabansu, kowa gudu yake yi.

Hira ta mutu daga nan. Aka ƙara yin addu'a, suka soma tashi ɗaya-ɗaya suna neman takalmansu.

Na zauna a gida kwanaki kafin in koma aiki, Baba bai sake tayar da maganar ba. Ya daina zuwa kwata, ya ce gwiwa ce. Yakan zauna a zaure daga hantsi har azahar, rediyonsa a kashe a gefe. Ranar da zan tafi na shiga yi masa sallama, na durƙusa. Ya ce in zauna.

Ya tambaya ko ƙanena ya bar wani saƙo. Na ce ya ce in gaya masa cewa ya tsaya.

Baba ya ce, "Na ji."

Ya murza gwiwarsa. Can ya tambaye ni ko shi yaron ya san babu igiya kafin ya shiga. Na ce ya sani, shi ma ya gaya mini, mun je mun ga dabbobin tare tun jajibiri. Ya tambaya ko akwai wurin da zai iya kaucewa. Na ce akwai, shinge bai fi daga nan zuwa ƙofar zaure ba. Baba ya dubi ƙofar zauren, ya daɗe yana dubanta.

Ya ce, "A can, wanda ya gudu, dariya ake yi masa?"

Na ce, "A'a, Baba. Tafi ake yi masa."

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana muryarsa ba ta canza ba, irin wadda yake sa aiki da ita ce.

Ya ce, "To da ya gudu mana. Da ɗan nan ya gudu."

Mai a-daidaita-sahun da zai kai ni tasha yana ta danna ham a waje. Baba ya ce in tashi kada mota ta bar ni, in na isa in kira Inna.